Tauhidin Tanak a Hannun Yahudawa: Akwai Makoma?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin Tsohon Alkawari a Jos. Na riga na miƙa taken kundina kan yadda Yahudawa ke fitar da tauhidi daga littafinsu mai tsarki, wato Tanak, sai wani abokin karatuna ya ce aikin banza ne, wai su kansu Yahudawan ba ruwansu da fannin. Hankalina ya tashi.

Amsa: Kwantar da hankalinka, abokin naka rabin zance ya tsinta. Gaskiya ne a 1987 Jon Levenson, wani malami Bayahude, ya rubuta maƙala kan dalilin da ya sa Yahudawa ba su damu da fannin tauhidin Littafi Mai Tsarki ba: tun laccar da malamin tauhidi Gabler ya gabatar a 1787 malaman Furotesta na Jamus ne suka gina shi, suna neman jigo ɗaya tilo, kamar yadda Eichrodt ya ɗora komai a kan alkawari. Amma bayan haka malamai Yahudawa irin su Marvin Sweeney da Benjamin Sommer sun shiga fagen da ƙafar dama. Fili na nan, ma'aikata ne kaɗan.

Abin da nake jiye maka daban ne, kuma kullum sai na yi fama da shi a aji: ɗaukar cewa Tanak Tsohon Alkawari ne da aka yanke wa Sabo. Haba! Buɗe ka gani. Tsohon Alkawari ya ƙare da Malakai, ana jiran zuwan Iliya. Tanak kuwa, mai littattafai 24, ya ƙare da 2 Tarihi, inda Sairus sarkin Farisa yake cewa a koma Urushalima a gina Haikali. Inda littafi ya tsaya, can yake nuna maka alƙibla. Sannan malamin Yahudu ba ya karanta aya tsirararta. A bugun Tanak da mai buga littattafai Bomberg ya yi a Benis wajen 1525, nassi yana tsakiyar shafi, sharhin malamin Yahudawa Rashi a gefe, na malami Ibn Ezra a ɗaya gefen, kowa da ra'ayinsa, ba wanda aka goge. Saɓanin nan shi ne karatun. Wanda ya zo da guduma yana son ya dunƙule shi ya zama aƙida ɗaya, tauhidin Kirista ya rubuta, ya sa masa hular Yahudawa.

Masu fitowa a Facebook da kalmomin Ibrananci biyu suna tallar "sirrin Yahudawa" kuwa, kada ko ɗaya ya shiga kundinka. Ka nemi mai koya maka Ibranancin Mishna (tarin dokokin baka na malaman Yahudawa) da na Rashi tun wannan zangon, don ya bambanta da na Ishaya.