Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Tsufa, Santsi da Faɗuwa

Tambaya daga Fagge: Likita, mahaifina ya haura shekara 70, yanzu yana jan ƙafa idan yana tafiya, kuma sau biyu santsi yana kwasarsa a wajen alwala. Tsufa ne kawai?

Amsa: Malam, tsufa yana rage ƙarfin cinya da gani, kuma jiki ba ya saurin tare kansa idan ƙafa ta zame. Ku shimfiɗa tabarmar roba a kan tayil ɗin, ku raba Baba da silifas ɗin da ƙasansa ya cinye, sannan ku kai shi a duba ko yanar ido ce ta fara rufe masa gani.

Tambaya daga Hotoro: Mahaifiyata tana shan maganin hawan jini, kuma jiri yana ɗibarta idan ta miƙe tsaye.

Amsa: Ta riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta tashi. Kada ta daina shan maganin da kanta, ku koma wa likitanta ya auna jininta a kwance da kuma a tsaye.

Tambaya daga Gwale: Kakarmu ta faɗi a banɗaki da daddare, yau kwana huɗu ba ta iya taka ƙafar. An ce iska ce ta buge ta, an yi mata hayaƙi, an kuma kira mai ɗori.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan tambaya ta tayar mini da hankali ƙwarai. Ku kai Hajiya Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano yau ɗin nan a ɗauki hoton ƙugunta. Bayan mace ta daina al'ada ƙashinta yana raguwa har ya yi rauni, shi ya sa faɗuwar da jikarta za ta tashi ta kakkaɓe zani, ita za ta iya karya mata ƙashin ƙugu. Ku yaye mayafin ku dubi ƙafafunta biyu a jere. Idan ɗaya ta fi ɗaya gajarta, kuma tafin ƙafar ya kwanta waje, to alamar karaya ce.

Banɗaki wuri ne mai jiƙa da duhu, ga tsugunno, ga tsohuwa da ta taso daga barci ido bai gama buɗewa ba. Wannan kaɗai ya isa ya kayar da ita. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma hayaƙi ba ya haɗa ƙashi, sai dai ya shaƙe mata ƙirji. Ƙashin ƙugu kuwa yana can cikin nama inda karan ɗori ba ya riƙe shi, kuma yawanci aiki ake yi, wanda ya fi kyau a yi shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Raina yana ɓaci duk lokacin da aka kawo mana tsohuwa bayan makonni a kwance, gyambo ya ci bayanta, ciwon huhu ya kama ta, alhali da an kawo ta da wuri da tuni tana takawa da sanda.

Ku kuma tambaye ta ko ta buga kanta, domin jini yana iya taruwa a cikin kan tsoho a hankali har makonni bayan faɗuwa. Idan kun ga yawan barci, ko amai, ko maganarta ta rikice, kada ku jira gari ya waye, ku ɗauke ta a kwance zuwa asibiti nan take.