Zauren Lauya: Motar kamfani ta karya ni, 'yan'uwa na cewa in yafe

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ni tela ne a Kano, ɗinkin maza nake yi, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Wata biyar da suka wuce ina cikin Adaidaita Sahu zan je Kwari sayen yadi, sai motar wani kamfanin ruwan leda ta fito daga layi ba ta tsaya ba, ta daki gefen da nake zaune. Ƙafata ta dama ta karye a ƙasan gwiwa. An fara kai ni wurin mai ɗori, bayan mako uku ƙafar ta kumbura ta soma ruwa, sai aka kai ni Asibitin Ƙashi na Dala aka yi aiki aka sa ƙarfe. Har yau da sanda nake tafiya, ba na iya taka keken ɗinki. Sallah ta zo ta wuce ko wando ɗaya ban ɗinka ba.

Manajan kamfanin ya zo dubiya sau ɗaya, ya ajiye naira 100,000. Yanzu ya aiko cewa zai ƙara 300,000 idan na sa hannu a takarda cewa magana ta ƙare. Abin da muka kashe ya haura miliyan ɗaya da rabi, har awarwaron matata aka sayar. 'Yan sanda sun kai direban kotu. Yayyena suna cewa ƙaddara ce, in karɓa in yafe, wai shari'a da mai kuɗi ɓata lokaci ne. Idan na kai ƙara zan yi nasara? Kuma ban saɓa wa addini ba?

Wani tela, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada ka sa hannu a takardar nan, kada ka dangwala, kada ka bari wani yayanka ya sa a madadinka. Naira 100,000 da aka kawo wajen dubiya ba ta rufe maka ƙofar kotu ba, iyaka za a cire ta daga abin da aka yanke a ƙarshe. Amma takardar da ke cewa ka karɓi kuɗi a matsayin cikakken biya, wannan ita lauyan kamfanin zai fara miƙa wa alƙali, kuma warware ta aiki ne ja.

Batun addini ba mai tsawo ba ne. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, sai in iyalan mamaci sun yafe. Kuskure ne, ƙaddara ce, duk da haka aka ce a biya. Fikihun Malikiyya da muke karantawa a zaure ya yi bayanin diyyar gaɓoɓi da raunuka dalla-dalla. Yafiya falala ce, karɓa kuma halal ne, zaɓin yana hannun mai ƙafa. Yayyenka suna da niyya mai kyau, sai dai ban ga inda ka ce sun ɗauke maka cefanen gida ba.

Yanzu ga shari'a. Abin da 'yan sanda suka kai kotun majistare shari'ar laifi ce, tsakanin hukuma da direba, kan tuƙin ganganci. Kai shaida ne kawai a can. Alƙali yana da ikon sa wanda aka samu da laifi ya biya diyya, amma direban motar ruwan leda nawa ne albashinsa? Ko an yanke masa miliyan biyu, a ina zai samo? Taka ƙarar daban ce: ƙarar neman diyya a babbar kotun jiha, inda za ka haɗa direba da kamfanin da yake yi wa aiki. Doka ta ɗora wa ubangida alhakin sakacin yaronsa muddin a bakin aiki ya yi shi, kuma mota cike da ruwa a kan hanyar kai wa 'yan kasuwa ai bakin aiki ne. Duk da haka kada ka yi watsi da waccan shari'ar. Ka riƙa zuwa ko ka aika wani duk ranar zama, domin idan direban ya amsa laifi ko aka same shi da shi, Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a kawo wannan hukunci a matsayin hujja a taka ƙarar.

Wani wuri da ƙararraki ke mutuwa tun ba su tashi ba shi ne suna. Sunan da ke jikin mota ko jikin leda sau da yawa ba shi ne sunan da ke rajista ba. Lauyanka ya bincika a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ya ga ko cikakken kamfani ne ko kuwa sunan kasuwanci ne na wani mutum ɗaya, ya kuma duba lambar motar ya ga sunan wa take ɗauke da shi. Wanda ya kai ƙarar sunan da babu shi a doka, kotu za ta kori ƙarar ko da ƙafarsa tana gaban alƙali a naɗe. Shi ma mai Adaidaitar a duba rawar da ya taka. In yana da nasa kason na laifi a haɗa da shi, kotu ta raba musu.

Ka tambaye ni ko za ka yi nasara. Bisa abin da ka rubuto, laifin direban ba zai yi wuyar tabbatarwa ba: wanda ya fito daga layi shi ke jiran na kan babban titi. Ana buƙatar rahoton 'yan sandan sashen haɗurra, da taswirar wurin da suka zana, da rahoton jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, idan sun duba motocin, duka kwafin da aka buga wa hatimin tabbatarwa, domin kotu ba ta karɓar hoton takardar hukuma haka kawai. Ana buƙatar mai Adaidaitar da sauran fasinjojin, da duk mai shayi ko mai faci da ya ga abin da idonsa. Ka nemi lambobinsu yau, mutane suna tashi, suna sauya layi, suna mantawa. In akwai wanda ya ɗauki hoto ko bidiyo a waya, kada ya goge, kada kuma ya sayar da wayar kafin lauya ya gani, domin sashe na 84 na Dokar Shaida yana da sharuɗɗansa kan abin da aka ciro daga na'ura.

Inda nake jin tsoro shi ne lissafin kuɗi. Nan ne mutanenmu ke cin shari'a su fito da abin da bai kai kuɗin motar zuwa kotu ba.

Diyya iri biyu ce a wurin alƙali. Akwai wadda shi ke ƙiyastawa da hankalinsa: zafin ciwo, wahalar jinya, naƙasar da ta rage, abin da mutum ya saba yi da ya gagare shi. Akwai kuma kuɗin da ka kashe da wanda ka rasa, kuma wannan ƙa'idarsa mai tsauri ce: sai an jera shi ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, an kuma tabbatar da kowanne. Ka ce ka kashe miliyan ɗaya da rabi, ni na yarda. Alƙali kuwa zai ce ina rasit? Kuɗin aiki, kuɗin ƙarfe, hoton ƙashi, jini, gado, allurai, maganin da aka sayo a kemis da tsakar dare, sandar da kake dogarawa, kuɗin mota duk ranar komawa ganin likita. Na taɓa karɓar ƙarar wata baiwar Allah da ta zo min da baƙar leda cike da rasit, ta adana komai, amma da muka zazzage a kan tebur kusan rabinsu sun koma farar takarda. Irin rasit ɗin nan ne na na'ura mai santsi, zafi da lokaci suna cinye rubutunsa. Don haka yau ɗin nan a kai naka a yi musu hoto a shagon kwafi, waɗanda suka ɓace kuma a koma asibiti a nemi bayanin biyan da aka yi da lambar katinka. Wanda ya sayi awarwaron matarka, in zai rubuta takarda da kwanan wata, a karɓa.

Asarar sana'a ta fi wannan wuya, domin tela ba shi da takardar albashi. Amma kana da abin da ya kusa kai ta. Littafin awo da kake rubuta sunan mai kaya da kala nawa da kuɗin ɗinki, shi ne shaidarka. Ɗauko na bara, buɗe shafukan azumi da na kafin babbar Sallah, a ga kala nawa ka karɓa, a ajiye shi kusa da na bana da babu komai a ciki. Haɗa da bayanan asusunka na banki inda masu kaya ke turo kuɗi, da rasit na hayar shago da ka ci gaba da biya shago na rufe, da yaran shagonka da za su iya tsayawa su faɗi abin da ake samu a mako. Ƙafar dama a wurin tela ba kamar ƙafar dama ba ce a wurin mai aikin ofis, kuma aikin lauyanka ne ya sa alƙali ya ga haka. Sai rahoton likitan da ya yi maka aiki: wane irin karaya ne, me aka yi, ko za a sake shiga a cire ƙarfen da nawa zai ci, ko ƙafar za ta koma daidai ko ta gajarta. Ya fi ƙarfi idan likitan ya zo da kansa ya yi bayani. Wannan ma wani dalili ne na ƙin sa hannu yanzu: ba a yi wa ciwo kuɗi tun bai gama nuna iyakarsa ba.

Zancen mai ɗori kuma ka shirya masa. Lauyan kamfanin zai ce karaya ce mai sauƙi, mako ukun da ka yi a wurin ɗori ne ya lalata ƙafar, don haka ba su za su ɗauki nauyin aikin ba. Kada ka ɓoye, katin asibiti zai tona. Abin da zai taimake ka shi ne likita ya faɗi ko irin wannan karayar dama tana buƙatar aiki tun ranar farko. In ya ce haka, hujjarsu ta raunana. In bai ce ba, kotu tana iya rage wani kaso, ba ta hana ka duka ba. Haka ma idan a gaba ka zauna, a gefen direban Adaidaita, za su ce ka sa kanka a haɗari. Faɗa wa lauyanka gaskiya tun a ofis, kada ya fara jin ta a bakin abokin hamayya.

Sai inshora, wadda manajan bai ambata maka ba. Doka ta tilasta wa kowace mota da ke kan titi ta mallaki inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, motocin kasuwanci kuma suna da nasu farashin. Mutane suna jin miliyan 3 su ɗauka iyakar komai ke nan. Wannan na dukiya ne, mota ko shago ko katanga, lissafin rauni da rai daban yake. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kan takardar, amma har yanzu ta bogi tana yawo, irin wadda ake haɗa wa mutum a gindin bishiya. Ana iya duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID a intanet a ga ko tana da ta gaske. In tana da ita, lauyanka ya rubuta wa kamfanin inshorar tun kafin shigar da ƙara, ya sake sanar da su da zarar an shigar, domin rashin sanarwa a kan lokaci yana ba su hanyar zamewa. In ta bogi ce, nauyin ya dawo kan kamfanin ruwan gaba ɗaya.

Lokaci yana tafiya. Kowace jiha tana da wa'adin da in ya wuce ƙara ta mutu, kuma wata biyar bai kai ka can ba tunda motar 'yan kasuwa ce. Ga sauran masu karatu: da motar hukuma ce da direban gwamnati, Dokar Kare Jami'an Gwamnati wata uku kacal ta bayar, kuma da yawa suna kwance a gadon asibiti wa'adin ke ƙarewa.

Yayyenka suna da gaskiya a abu ɗaya: shari'a tana cin lokaci. Ana iya shekaru, wanda ya sha kaye yana da wata uku na ɗaukaka ƙara, kuma hukunci ba kuɗi ba ne sai an bi shi, ko a sa kotu ta riƙe asusun kamfanin a banki ko a kama kadararsa. Darajar naira kuma ba ta jiran kowa. Shi ya sa ni ba na ƙin sulhu, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin da nake ƙi shi ne sulhun da aka yi da mutum yana kwance, ba lissafi, ba lauya, an kawo takarda an ce dangwala. Kano tana da zauren sulhu a ƙarƙashin babbar kotu, inda ake zama da mai shiga tsakani, abin da aka amince a kai kuma alƙali ya sa masa hannu ya zama hukunci. Kamfanin da ya ce 300,000 a bakin gado yakan sauya murya idan ya ga wasiƙar lauya ɗauke da rasit, rahoton likita da lambar inshorarsa.

In kuɗin lauya ne damuwarka, akwai hanya biyu. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, Legal Aid Council, tana da ofis a Kano, kuma ƙarar diyyar haɗari tana cikin abin da dokarta ta 2011 ta ba ta ikon ɗauka wa marasa ƙarfi. Akwai kuma lauyoyin da ke karɓar irin wannan aiki bisa sharaɗin kaso daga abin da aka samu. In ka bi wannan, a rubuta kason a takarda, a fayyace wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na kawo likita, kai ma ka riƙe kwafi. Ranar da za ka je, tafi da katin asibiti, hotunan ƙashi, rasit da kwafinsu, littafin awo na bara da na bana, lambar motar, da lambar shari'ar da ke gaban majistare. Shi kuma manajan, in ya sake aikowa, a ce masa ya ba da kwafin takardar lauya zai duba.