Yaya, ga abin da ya kai ni Albany da kwali a hannu

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka tun ranar da yaran nan suka tura maka hoton da aka ɗauke ni a Albany, babban birnin jiharmu ta New York a nan Amurka, muryar da ka biyo da ita kuwa sau uku na saurare ta. Ka ce mace mai jika, wadda ta fita neman halaliyarta, me ya haɗa ta da ɗaga kwali a ƙofar majalisar wata jiha, cikin sanyi, a ƙasar da ba ta ubanta ba. Ka kuma ce in dai majalisar jiha ce irin wadda ka sani, ai asarar kuɗin mota kawai muka yi. Wallahi ban ji haushi ba. Lokacin da na sauka Bronx, yankinmu a birnin New York, ni ma da wani ya ce min zan yi haka, dariya zan yi masa.

Abin da ya sa ka ga abin banbaraƙwai shi ne, a gida daga Abuja ake yanke mafi ƙarancin albashi. An sa hannu a kan naira 70,000 a 2024, sannan aka koma jan ƙafa da gwamnoni, wannan ya biya, wancan ya ce sai an duba. Nan Amurka abin a juye yake. Gwamnatin tarayya ta tsayar da dala 7.25 a kowace awa tun 2009, kuma har yau ba ta ƙara ko sisi ba. Amma kowace jiha tana da ikon ɗaga nata. Mu a birnin New York majalisar jiharmu ta kai shi dala 16.50 a 2025, ya koma 17 a farkon 2026. Texas da North Carolina kuwa suna nan a kan 7.25 ɗin. Ba wai kowa a can haka ake biyansa ba, kasuwa takan tura albashi sama, kuma hayar gida a Houston ta Texas ko Greensboro ta North Carolina ba ta kai tamu zafi ba. Sai dai ranar da mai aiki ya ga dama ya matse ka, abin da dokar jiharku ta rubuta shi ne kaɗai bangon da za ka jingina da shi.

Maganar lafiya ta fi wannan tsanani. A nan wanda ba shi da katin inshora, rashin lafiya ɗaya tana iya cinye abin da ya tara a shekara biyar. Akwai dokar tarayya ta 1986 da ta hana sashen gaggawa korar mara lafiya don ba shi da kuɗi, to amma za su duba ka, su sallame ka, takardar bashi ta biyo ka gida. Inshorar masu ƙaramin ƙarfi ita ake kira Medicaid. Dokar lafiya ta Obama ta 2010 ta so a faɗaɗa ta ga duk mai ƙaramin albashi, sai Kotun Ƙoli ta ce a 2012 ba za a tilasta wa jihohi ba, wadda ta so ta karɓa. Jiha 40 da birnin Washington sun karɓa, 10 sun ƙi, ciki har da Texas da Florida. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke Greensboro sai a Disambar 2023 abin ya iso gare su, bayan shekaru ana ja-in-ja a majalisarsu. Ka ga direba biyu, aiki iri ɗaya, samu iri ɗaya, hawan jini iri ɗaya, ɗaya yana karɓar maganinsa kowane wata, ɗaya yana raba ƙwaya biyu don ta kai shi. Abin da ya raba su kawai inda suke kwana.

Shi ya sa muke da wata al'ada da ban san ko akwai irinta a gida ba. Idan baƙo ya iso yana shawarar inda zai zauna, dattawanmu ba sa fara tambayarsa sana'ar da ya iya. Tambayar farko ita ce, kana da yara? Matarka tana da juna biyu? Akwai mai ciwon suga ko hawan jini a gidan? Akwai tsoho da za ka ɗauko? In saurayi ne lafiyayye mai son tara kuɗi, sai a ce masa ya gangara kudu inda haya ke da sauƙi. In mai iyali ne, sai a ce ya daure da tsadar New York, domin a nan kowane yaro yana iya samun inshorar jiha ko da iyayensa ba su da takardun zama, kuma tun 2024 tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama ma an buɗe musu Medicaid ba tare da duba takarda ba. Duk waɗannan a Albany aka rubuta su, ba a Washington ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya fitar da ni daga gida, don ba karatun doka ne ya fitar da ni ba.

Ka san aikina, kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu. Matanmu da yawa shi suke yi, 'yan Kumasi, 'yan unguwar Nima ta Accra, 'yan Damagaram, 'yan Kano. Akwai wani nau'in aikin da ake tura ki gidan mutum ki yi awa 24 cur, amma awa 13 za a biya ki. Hujjarsu ita ce wai kin yi barcin awa 8, kin yi awa 3 na cin abinci. Babbar kotun jihar ta tabbatar da wannan tsari a 2019, da sharaɗin cewa lallai an sami barcin, kuma awa 5 daga ciki ba a tashe ki ba. In ba a samu ba, dole a biya 24 ɗin duka.

Na yi shekara uku da wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, Allah Ya sani na so matar nan kamar Inna. Ƙarfe ɗaya na dare za ta tashi ta ce za ta je ɗauko yaranta daga makaranta, yaran da su ma sun yi jikoki. In lallaɓa ta ta kwanta. Ƙarfe biyu da rabi ta jiƙa shimfiɗa, in canza mata, in juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Ƙarfe huɗu tana laluben makullin ƙofa. Kafin in rufe ido an yi asuba. A kujerar falo nake kwana, kunnena ɗaya a ɗakinta. Ƙarshen mako takardar albashi ta zo, awa 13, awa 13, awa 13. Ban taɓa buɗe baki ba. Tarbiyyar da aka yi mana ke nan, Yaya, kai ma shaida ne: haƙuri, kunya, kada a ce kin cika son kuɗi, kada ki zama baƙuwa mai zaƙewa.

Wata 'yar zangon Kumasi ce, wadda ta girme ni a aikin, ta gan ni ina gyangyaɗi a wajen wani suna. Ta ce, "Ƙanwata, kina rubutawa kuwa?" Na ce rubuta me? Ta buɗe jakarta ta ciro wani ɗan littafi irin na 'yan firamare, duk ya tsufa. Kowane dare da kwanan watansa, da lokacin da aka tashe ta, da abin da ta yi, da lokacin da ta sanar da ofis. Ta ce, "Nan ƙasar ba a yarda da wallahi tallahi, takarda ake yarda da ita." Washegari na sayi nawa. Da littafin nan lauyar wata ƙungiyar ma'aikata ta tsaya min, aka yi kusan shekara biyu ana kai-kawo da kamfanin da ke tura ni, daga ƙarshe aka biya ni wani ɓangare. Ba duka ba, kuma bayana bai dawo yadda yake ba. Kwalin da ka gani a hannuna, abin da ke rubuce a jiki shi ne a raba aikin awa 24 ɗin kashi biyu, awa 12 wannan, awa 12 waccan. An sha gabatar da ƙudirin a majalisa, har zuwa tafiyarmu ta ƙarshe bai wuce ba, domin kuɗin biyan daga Medicaid zai fito, kuma kowa yana tsoron lissafin.

Tafiyar kanta ba wani abin a-zo-a-gani ba ce. Bas tana tashi daga Bronx bayan sallar asuba, tafiyar kamar awa uku, kusan nisan Kano zuwa Kaduna. Mata da filas ɗin shayi, wata ta soyo ƙosai, 'yan Gana ba sa rabuwa da wake da shinkafarsu. Majalisar ɗaki biyu ce, sanatocin jiha 63, 'yan majalisar wakilai 150, kuma dukkansu duk shekara biyu suke komawa neman ƙuri'a. Kasafin kuɗin jiha ya kamata ya fita kafin 1 ga Afrilu, saboda haka daga Janairu zuwa Maris kowa da kokensa yake cika wurin: malaman makaranta, manoma, masu gidajen haya, 'yan haya. Ba a tare ki a ƙofa a ce wa ya aiko ki. Ki bi ta na'urar bincike, ki nemi ofishin wakilin unguwarku. Sau da yawa ba shi za ki gani ba, wani yaro ne sa'an ɗana zai zaunar da ku minti goma sha biyar yana rubutu. Da farko na raina abin. Daga baya na gane tambayar da yaron ke fara yi, wato adireshinku da ko kuna da ƙuri'a, ita ce gaba ɗayan maganar. Zaɓen fid da gwani a nan mutane kaɗan ke fita, masallaci guda mai masu zaɓe ɗari biyu ko uku ba abin wasa ba ne a wurin ɗan majalisar jiha. Azahar kuwa a lungun wani dogon baranda muka shimfiɗa sallaya muka yi ta, ba wanda ya ko kalle mu.

Gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce mu Hausawa a makare muka shigo wannan harka. Dokar kare masu aikin gida ta 2010, wadda New York ta riga kowace jiha yi, wadda ta ba da hutun kwana ɗaya a mako da kuɗin ƙarin lokaci bayan awa 40, matan Karibiyan da na Latin Amurka ne a kan gaba wajen nemanta. Lokacin korona, da aka hana marasa takardu tallafin tarayya, wasu suka yi yajin cin abinci na kwana 23 a 2021, har jiha ta ware dala biliyan 2.1, mutum ya iya samun har dala 15,600. Mutanenmu da yawa sun karɓi kuɗin nan sun biya bashin haya, amma a cikin masu yunwar ba mu da yawa. Wani ya yi noma mun zo cin tuwo. Abin ya tsaya min a rai.

Har yanzu ba kowa ya yarda ba. Akwai dattawan da ke cewa adashenmu da asusun ƙungiya sun ishe mu. Asusun yana aiki, ban musa ba: in an yi rasuwa cikin kwana biyu an haɗa kuɗin kabari ko na kai gawa gida, in mutum ya rasa aiki ana rufa masa asiri wata ɗaya ko biyu. Amma ban taɓa ganin adashen da ya biya wankin ƙoda ba. Don haka yanzu bayan sallar Juma'a, kusa da sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya, sai ka ji an ce lokacin sabunta inshora ya yi, mai buƙatar taimakon cike takarda ya tsaya. Mun kuma yi wa kanmu ƙa'ida: wanda takardunsa ba su kammala ba ba ma sa shi gaban kyamara, ba ma rubuta sunansa. Mu da muka sami katin ɗan ƙasa mu ne baki.

Wanda ya fi faranta min rai a cikin dokokin nan shi ne na haihuwa. Dokar tarayya ta 1993 hutun mako 12 ta ba da, amma ba ko kwabo, kuma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba. Mace mai biyan haya ina za ta iya? Na san waɗanda suka koma aiki kafin cibiyar jariri ta warke. New York ta fara biyan hutun a 2018, yanzu mako 12 ne da kashi 67 cikin ɗari na albashi, uba ma yana da nasa. Da 'yata ta haihu, sai da ta yi arba'in ɗinta cif a gida, na dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa kamar a Kano, ba ta duba agogo ba. Daga Janairun 2025 kuma an ƙara awa 20 da ake biya don zuwa awon ciki. Kada ka ɗauka gata ne kawai. Alƙaluman hukumar lafiya ta ƙasar sun nuna baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa a dalilin ciki da haihuwa kusan ninki uku, kuma a asibiti ba a tambayar ko ke Bahaushiya ce, baƙa ce kawai. Ga kuma matsalar harshe. Dokar jiha ta 2022 ta tilasta wa ofisoshin gwamnati fassara muhimman takardu zuwa harsuna 12. Faransanci da Larabci suna ciki, 'yan Nijar masu boko sun huta, Hausa ba ta ciki. Tsohuwar da ba ta jin Turanci sai dai a nemo mata tafinta ta waya, wani lokacin a haɗa ta da mai wani yaren daban don an ji an ce Afirka.

Abin da majalisa ta ba da kuma tana iya karɓewa. Dokar da aka sa wa hannu a Washington ranar 4 ga Yulin 2025 ta zabtare kuɗin Medicaid sosai, yanzu jihohi ne za su yanke wanda za a cike wa giɓi da wanda za a bari. Saboda haka bas ɗin Fabrairu mai zuwa na riga na sa sunana, na sa na maƙwabciyata 'yar Maraɗi, ko da yake har yanzu tana cewa sai mijinta ya amince.

Ka ce majalisar Kano ba ta sauraron kowa. Kai ke can, ba zan yi maka gardama ba. Amma su 40 ne kacal, kuma hukumar taimakekeniyar lafiya da ake cire wa ma'aikatan jiha kuɗi dominta, da dokar da suka yi aka kafa ta. In ka tashi ba ni amsa, ka haɗo min da sunan ɗan majalisar mazaɓarmu, don na tambayi mutum uku a gidanmu ba wanda ya sani. Ka kuma ce wa Yaya Hajiya kuka da daddawar da ta aiko sun kusa ƙarewa, akwai mai tahowa bayan Sallah.