Ku Tambaya Mu Amsa: Jarumar da Ta Kasa Sakin Jiki da Masoyinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a Jami'ar Jihar Kaduna. A hutun da ya wuce na karanta wani littafin soyayya na matasa har sau uku. Yarinyar cikinsa tana son saurayinta, amma kullum gabanta faɗuwa yake, ta kasa yarda cewa ba zai guje ta ba. Labarin ya shiga raina har na fara rubuta nawa ina turawa a wani zauren WhatsApp. Sai ga masu karatu suna cewa jarumata ta cika fitina, wasu ma sun ce a kai ta wurin mai ruƙiyya. A ina na kuskure? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rimi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Daga babi huɗun da kika haɗo da wasiƙarki, kuskuren a fili yake: kin nuna mana abin da yarinyar take yi, kin ɓoye abin da take ji kafin ta yi shi. Mai karatu ya ga ta kira saurayi sau goma sha ɗaya a jere, dole ya ce fitina ce. Koma baya da minti ashirin. Ta tura saƙo, alamar nan biyu ta koma shuɗiya, amsa shiru. Ta kife wayar a kan katifa, ta ɗauko, ta sake kifewa. Ta karanta saƙon nata sau biyar tana neman kalmar da ta ɓata masa rai. Tafin hannunta ya jiƙe, tuwon da aka zubo mata ya huce. Shi kuwa bawan Allah yana cikin cunkoso a gadar Kawo, ya buɗe saƙon, caji ya ƙare. Idan mai karatu ya zauna da ita cikin waɗannan mintuna, kafin ta danna kiran farko ya riga ya tausaya mata.

Sannan ki cire suman nan na babi na uku. Mun san al'adar littattafanmu ce tun zamanin da ake ɗaukar su haya a shago: da an ji mummunan labari sai jaruma ta zube, a yayyafa mata ruwa. Mai fama da farmakin firgici, wato tsananin tsoron da ke taso wa mutum irin na jarumarki, ba kasafai yake suma ba. Abin yana zuwa ne farat ɗaya, ya kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, yawanci ya lafa kafin rabin awa. Zuciya tana dukan uku-uku, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya koma sama-sama, jiri ya ɗebe ta, yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura saboda saurin numfashin. Tana ji a ranta mutuwa ce ta zo, alhali idonta biyu, tana jin duk abin da ake faɗa. Wannan ya fi suma ban tsoro, kuma ya fi daɗin rubutawa.

Babban abin da muke so ki gyara shi ne saurayin. Kin sa duk lokacin da ta rikice ya zo da rantsuwa da kalamai masu daɗi, ta warke nan take. Ba haka abin yake tafiya ba. Lallashi yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, sai tsoron ya dawo yana neman wanda ya fi na jiya. Yau "ina son ki" ta isa, gobe sai ya rantse, jibi sai ya miƙa wayarsa ta bincika. Nan ne rikicin littafinki yake, ba sai kin ƙirƙiro muguwar ƙawa ko tsohuwar budurwa ba. Yarda kuwa da ƙananan alkawura ake gina ta. Ya ce zai kira bayan Isha'i, ya kira. Ya ce ranar Asabar yana da aiki a Zariya ba zai zo zance ba, ya faɗa tun Laraba. Ki shirya gwaji uku a tsawon littafin: a na farko ta kasa jurewa, a na biyu ta jure awa ɗaya sannan ta kira, a na uku ta kwana ba ta kira ba duk da barci ya gagare ta. Kada kuma ki mai da shi waliyyi. Ya gaji ko sau ɗaya, ya faɗi magana mai zafi, ya dawo ya ba da haƙuri. Ranar ɗaurin aure kada ciwon ya ɓace kamar an ɗauke wuta. Ta shiga ɗakinta da shi, sai dai ta koyi yadda ake zama da shi.

Masu cewa a kai ta ruƙiyya, ki saka su cikin labarin. Gwaggo guda mai wannan ra'ayin ta ishe ki babi biyu.

TAMBAYA: Ƙanwata ce ta ba ni irin wannan littafin, sai na ga kamar ni ake bayani. Yaushe damuwa take zama ciwo? Daga wani matashi, Rigasa.

AMSA: Ɗan'uwa, ma'aunin da likitoci suke dubawa shi ne tsawon lokaci da kuma ɓarnar da abin yake yi. Idan fargabar tana zuwa a mafi yawan kwanaki har wata shida ko fiye, ka kasa tsayar da tunanin, ga rashin barci, saurin fushi, ɗaurewar wuya da kafaɗa, kuma ta fara taɓa aikinka ko mu'amalarka, to a ga likita. Idan farmakin firgici ne yake maimaituwa, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, kada ka jira ko mako guda. A nan Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Likita zai iya fara duba hawan jini da ƙwayar maƙogwaron nan da ke haddasa maƙoƙo, domin idan aikinta ya yi yawa tana kawo bugun zuciya da rawar hannu irin na fargaba.

Kafin nan, rage kofi, goro da lemon ƙara kuzari, musamman daga La'asar. Idan abin ya taso, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, ka maimaita na minti biyar. Fitarwar ce take buƙatar tsawo. Kada ka karɓi ƙwayar sa barci a kemis ba da takardar likita ba, irin su diazepam suna kama jiki cikin 'yan makonni, barinsu kuma ya zama wani aikin.