Daga ina sunan Duruz ya samo asali?

Malam, ka tambaya ko sunan Duruz, mabiya wani addini a Gabas ta Tsakiya, na wata ƙabila ne ko na gari. Na mutum ne: Muhammad bin Isma'il ad-Darazi, mai wa'azi a Alƙahira zamanin halifan Fatimiyya al-Hakim bi Amrillah, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021. Akan danganta laƙabinsa da kalmar Farisanci "darzi", wato tela.

Abin da ke taɓa ni a tarihin nan shi ne, Duruz su kansu ba sa girmama mutumin. Suna ganin ya karkace, domin ya yi jayayyar shugabanci da Hamza bin Ali, ainihin jagoran kira zuwa ga addininsu, kiran da ya fito fili a 1017. Mutanen waje ne suka liƙa musu sunan har ya zauna. Su dai al-Muwahhidun, wato masu kaɗaita Allah, suke kiran kansu, kuma a ganina ya dace mu riƙa tunawa da hakan.

Tun 1043 suka rufe ƙofar shiga addinin, sai wanda aka haifa a ciki. Yau galibinsu suna Siriya, musamman Suwaida, da tsaunukan Shuf na Lebanon, da Isra'ila, kaɗan kuma a Jodan.