Rubuta tarihin kaka bayan rasuwarsa da taron yi masa addu'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum Allah gafarta malam. Ni daga wani ƙauye nake a yankin Ringim. Kakana na wajen uba ya rasu bayan babbar sallah, shi ya riƙe ni tun ina yaro. Ina so in rubuta tarihinsa in sa a Facebook da zauren WhatsApp na dangi, sannan mu tara 'yan uwa a dafa abinci a yi masa addu'a. Mun ce za mu ɗebi gero a rumbunsa mu sayar da awakinsa biyu tunda ba a raba gado ba, babana ya yarda, sai dai akwai ƙananan yara na amaryarsa. Wani abokina ya ce duk makokin jahiliyya ne. Malam ya abin yake?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, kai kuma ɗana Allah ya ba ka haƙuri, rasa wanda ya riƙe ka ba ƙaramin abu ba ne.

Addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, wannan ba gardama. Inda na tsaya a tambayarka shi ne rumbun nan. Daga lokacin da rai ya fita geron da awakin sun tashi daga nasa, a yi masa sutura, a biya bashi, a fitar da wasiyya in bata wuce sulusi ba, sauran na magada ne. Kai jika ne kuma babanka na raye, ba ka da ko tiya ɗaya a ciki. Babanka ma yardarsa a kan kasonsa kaɗai take. Yaran amaryar nan marayu ne, ba wanda ya isa ya yi sadaka da nasu, ko uwarsu. Toh in aka dafa geron aka ci, dukiyar maraya aka ci da sunan nema wa tsoho lada, kuma ka san abin da Suratun Nisa'i ta faɗa a kai, cewa mai cin dukiyar maraya da zalunci wuta yake ci. Duk mai son sadaka ya sa hannu a aljihunsa. Kada kuma ku ɗaure taron da ranar arba'in ko cikar shekara, wannan ƙayyadewar ba ta zo daga Annabi (SAW) ba.

Maganar abokinka kuwa ban yarda da ita ba, kuma ina yawan jinta a bakin samari. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufa da maganganun ƙin ƙaddara. Ina wannan ina ka zauna ka rubuta cewa kakana ya yi karatun allo a gabas, ya yi noman gyaɗa lokacin da jirgin ƙasan Nguru ke kwasarta zuwa Kano, ya ciyar da maƙwabta a farin 1973, in dai ya yi ɗin? A Bukhari da Muslim an wuce da gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi (SAW) bai tsawata musu ba, cewa ya yi aljanna ta wajaba ga mamacin, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Shi kansa ya riƙa ambaton Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta, ya yanka akuya ya aika wa ƙawayenta, har Nana A'isha ta ji kishi. In ambaton rayuwar mamaci makoki ne, toh da me malamai suka cika littattafan tarihin magabata? A nan ƙasarmu Waziri Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan kan Shehu Usmanu wanda ya rasu 1817, Nana Asma'u ta yi wa ɗan uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, su ba su san bidi'a ba ne? Ka ce wa abokin naka ya kawo dalili, kalmar haramun tana da nauyi.

Amma ka rubuta gaskiya. Kada ka ƙaga masa karamar da bai yi ba, kada ka yanke cewa yana aljanna, ka ce muna masa fata. Rigimar gona ko saɓanin kishiyoyi ka bar su, an hana zagin matattu kuma rayayyu za ka ɓata. In ka ɗauki hotonsa yana jinya ko a likkafani kada ka sa.

Matansa suna takaba wata huɗu da kwana goma, ka riƙa leƙa su da ɗan cefane, labarin da kakarka za ta ba ka ba wanda ya san shi. Tsofaffin da yake zama da su a dakalin masallaci ka je ka durƙusa ka gaishe su da goro, sada zumunci da abokan uba yana cikin mafi girman biyayya kamar yadda Muslim ya ruwaito. Kuma ka tambaye su a hankali ko akwai mai binsa bashi, kuɗin taki ne, ko gonar wani da ya riƙe jingina, irin waɗannan ba a rubuce suke ba kuma mutane na jin nauyin faɗa. Ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya. Ku sanar a masallacin Juma'a, ku biya, sannan ku kira malami ko ku je gaban alƙali a raba gadon tun kafin wata damina. Allahu a'alam.