Amsa ga mai tambaya kan yashin da ke taruwa a HEC-RAS

Ɗan'uwa, ka ce HEC-RAS, manhajar kwamfutar nan mai kwaikwayon gudun ruwa da yashi a kogi, tana jibge maka yashi mai tsayin mitoci a yankan farko na Kogin Haɗeja, wato layin farko da ka ratsa kogin da shi daga gaɓa zuwa gaɓa a cikin lissafin, sannan lissafin ya tsaya cak da zarar ruwan Agusta ya shigo. Wannan matsalar ce ta kusa hana ni kammala digirina na biyu, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Kafin komai, ka kashe ɓangaren yashi gaba ɗaya, ka daidaita ruwan zalla har tsayinsa ya yi kusa da abin da aka auna a kogin. A nan na sha wuya. Wani jami'i da ke riƙe da bayanan ma'aunin ruwa ya yi ta yi mini jeka-ka-dawo, yau mai makulli ba ya nan, gobe takardata ba ta da hatimi, daga ƙarshe ya miƙo mini kwafin da ruwa ya taɓa jiƙawa, shafukan Agusta da Satumba, watannin da nake nema, duk sun dusashe. Da na kai abin da na samu, malamin da ke duba aikina ya ce a gaban ɗalibai wai ban iya kwamfuta ba, alhali ko sau ɗaya bai taɓa buɗe manhajar ba. Har yau maganar tana yi mini ciwo.

Ka lura kuma cewa madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya kogin: suna tare yashi a bayansu, suna kuma sakin ruwa har da rani, abin da ya ba ciyawar kachalla damar toshe hanyoyin ruwa a wajen Haɗeja da Nguru. Saboda haka kada ka cakuɗa bayanan kafin madatsun da na bayansu, kuma lambar Manning (mai nuna yadda kaushin hanya ke rage gudun ruwa) ta wurin da kachalla ta cinye dole ta ɗara ta fili mai yashi nesa ba kusa ba. Ina zargin yashin da ka shigar ta inda ruwan ke shigowa ya fi ƙarfin ruwan. Gwada zaɓin da ke barin manhajar ta shigo da daidai abin da ruwan zai iya ɗauka, ka ga ko tulin zai ɓace.

Wace dabarar lissafin yashin da ruwa ke ɗauka ka zaɓa? Ta Meyer-Peter da Müller ta 1948 an gina ta ne a kan tsakuwa, ta Engelund da Hansen ta 1967 ita ce ta kogi mai yashi irin namu. Ka je da rani ka ɗebo yashin tsakiyar kogi da na gaɓa, ka tankaɗe a ɗakin gwaji. Idan kuma daga taswirar SRTM mai mita 30 (taswirar tsayin ƙasa da aka auna daga sararin samaniya) ka yanko kogin, to ba ta ganin ƙarƙashin ruwa, sai ka auna da kanka. Ka rage tazarar lokacin lissafi a ranakun da ruwa ya cika, sannan ka sanya mana hoton yankan farkon a nan mu duba tare.